Agogon Darakta Ba Ya Son Zama

"Ya sake tsayawa," in ji Darakta, ya dangwarar da agogon a gaban mai shago. "Kuɗin mota na zuba a kansa, ga shi ya sa na makara taro."

Mai shago ya jujjuya shi. "Lafiyarsa ƙalau, ranka ya daɗe. Ba ya aiki da batir, motsin hannu ne abincinsa. Wane aiki kake yi?"

"Ni ne Darakta."

"To, shi ya sa."

Darakta bai ga dalilin fara motsi da girmansa ba. Sai ya riƙa ɗaura wa dattijon masinjansa agogon kowace safiya, ya yi ta zirga-zirga da shi, shi kuma Darakta ya maƙala wani na roba kafin rana ta yi ya karɓi nasa. Agogo bai ƙara tsayawa ba.

Ranar sa hannu a kwangila, baƙi suka yi sammako, suka tarar da su biyun a bakin ƙofa. Babbansu ya dubi hannun wannan, ya dubi na wancan. Ya rusuna ya gaida masinja da hannu biyu, sannan ya miƙa wa Darakta jakarsa.

"Bawan Allah, riƙe mana wannan. Kuma a kawo shayi."