Bikin Duna

Matso kusa ka ji, tunda ka ce hannunka a sake yake, amma ka rasa abin da ya sa mutanenka ba sa sakin jiki da kai.

An yi wani manomi da ke zaune shi kaɗai a gidan da ya gada, ba mata ba ɗa. Wata shekara, ranar cika-ciki, ranar da kowane gida ke dafa abinci a ci a ƙoshi, wata karya ta haihu a ƙarƙashin rumbunsa, ta mutu ta bar ɗan kwikwiyo guda, baƙi ƙirin. Mutumin ya ji tausayinsa. Tsumma yake tsomawa a madara yana ɗiga masa a baki har ya buɗe ido, ya raɗa masa suna Duna. In ya yi fito, sai ka ga ɗan abin nan ya taho da gudu yana tuntuɓe. Ya so karen nan so na gaskiya, wannan kam ba zan rage masa ba.

Sai noma ya ƙi, ya samu aikin bin babbar mota mai kai albasa Kudu, har ya zama direba. Ranar da zai tafi ya leƙa ta kan danga ya ce wa maƙwabciyarsa, wata tsohuwa mai daddawa, "Iya, a riƙa duba mini Duna." Ta ce to. Ita ba son kare take yi ba, amma amana ce. Kullum da safe sai ta kankare ƙanzon tukunya ta jiƙa, ta dogara sanda, ga ciwon gwiwa, ta bi ta ɓarakar danga ta zuba masa a kasko. Ta sauya masa ruwa, ta cire masa kaska a kunne tana yi masa faɗa, sa'an nan ta koma ta wanke hannunta. Da damina da rani haka take yi.

Shi kuwa can a Kudu ya ga yadda maigidansa ke yi wa karensa bikin ranar haihuwa, abin ya burge shi. Ya ce ai haka bai fi ƙarfin Dunansa ba. Daga nan duk ranar cika-ciki sai ga shi ya dawo, hannu cike: hanta, tsire, ƙashi mai ɓargo, wata shekara abin wuya na jar fata da 'yar ƙararrawa, wata shekara sabuwar tabarma. Ya kira abokai, a shimfiɗa, a ajiye wa Duna kwanonsa. Mutanen gari suna dariya, suna cewa karen wane ya fi wasu 'ya'ya gata. Duna kuma kare ne, ya ci, ya lashe kwano, ya kaɗa wutsiya. Mutumin ya ɗauki wannan kaɗa wutsiyar a matsayin ƙauna, washegari ya hau mota zuciyarsa fara ƙal, yana ganin ya sauke nauyin shekara.

Haka shekaru suka yi ta tafiya har hanya ta cinye shi. Baya ya riƙe, ido ya rage, aka karɓe motar aka ba wani. Abokan da ke zuwa cin tsire kowa ya kama gabansa. Ya tattara ya dawo gida, dawowa ta ƙarshe, kuma abin da ke sanyaya masa rai a hanya guda ne: ko duniya duk ta manta da shi, akwai Duna. Ya daidaita zuwansa da ranar bikin, ya sayo kilishi mai kyau da ƙaton ƙashi.

Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ajiye kwano, ya yi fito. Can sai ga tsohon kare ya fito daga ƙarƙashin rumbu a hankali, bakinsa ya yi furfura. Ya sunsuna kilishin, ya ɗauka, ya juya shi a baki, ya ajiye. Haƙoransa sun daɗe da zubewa, mai shi bai sani ba. Yana cikin tura masa ƙashin sai aka ji ƙwanƙwasar sanda a bayan danga. Karen ya ɗaga kunne. Ya juya ya bar tabarma da kwano, yana ɗingishi, ya je ya sa kansa a kan ƙafar tsohuwa tun kafin ta zuba jiƙaƙƙen ƙanzon.

Mutumin ya sake yin fito, irin na da. Duna ya ɗago ya dube shi, kallon da kare ke yi wa baƙon da bai zo da sharri ba, ya mayar da kai kan kaskonsa. A nan ne hawaye ya zubo wa mutumin, kuma ni ban ga laifinsa ba, don babu zafi irin ka dawo da zuciyarka a hannu ka tarar babu mai karɓa.

Tsohuwar ta ce, "Yi haƙuri, ɗan nan. Ba ƙin ka yake yi ba. Bai san ka ba ne."

Ya zauna a kan tabarmar shi kaɗai, kilishi a gabansa, ƙuda na sauka a kai.

Shi ya sa Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.