Hatiman Julius

Julius yana riƙe da kati a saman dutsen guga, garin ƙyallin da ya barbaɗa a kan ɗanyar tawada ya fara narkewa yana tasowa ruwan zinariya, sai ga motar soja ta ci burki a ƙofar rumfarsa. Bai ɗaga kai ba sai da harafin ƙarshe ya kumbura. A wannan sana'a, waiwaye ɗaya ya isa ya ƙona kati.

Kowa a kasuwar Makarfi ya san wanda ya kira sojojin. Lado ne, mai shayin da ke gefen rumfar. Ga shi ma ya diro daga bayan motar yana gyara hula kamar wanda aka yi wa naɗi.

Gabar ta daɗe. Tun da kayan masarufi suka ɓace, aka koma bin layi a ofishin rabon kaya da takarda mai hatimi, Lado ya sa wa Julius ido. Shayi ba madara ba sukari ai ruwan zafi ne kawai. Lado kan yini a layi rana tana gasa shi, in ya iso taga a ce kaya sun ƙare, wai takardun da suka shigo sun fi waɗanda ofis ya fitar. Ya dawo ya tarar da Julius a inuwa yana yanka furannin kati, kumatu luwai-luwai, alhali kati ba ya wani tafiya a wannan matsi. Daga nan bakinsa ya buɗe: mutumin da ke sassaƙa hatimi da tsohon silifas, me zai hana shi sassaƙa na hukuma? Ya faɗa a teburin shayi, ya faɗa a tasha, ya riƙa watsa ruwan wanke kofi a ƙofar rumfar. Ko gaisuwar Cecilia, matar Julius, ya daina amsawa. Mutanen kasuwa suka ce hassada ce tsagwaronta, kuma babu wanda ya yi musu gardama.

Shugaban sojojin, wani Saje Ashafa, ko sallama bai yi ba.

"Kai ne mai hatimi?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Katin gaisuwa nake yi, na Kirsimeti da na Sallah."

"Yanzu za mu gani. In na sami hatimin jabu a nan, a kurkuku za ka yi furfura."

Suka hau rumfar da bincike, binciken da ya fi kama da ɓarna. Suka kifar da tebur. Gwangwanayen da Julius ya lanƙwasa ya wasa bakinsu, waɗanda yake ɗorawa a kan kwali ya buga da guduma su fitar da siffar zuciya ko ganye, suka bi su da takalmi suka baje. Garin ƙyallin da sai an je Kaduna ake samunsa ya zube a ƙasa. Katunan da zumuntar matan cocin Gubuchi suka sa shi yi, aikin da ya ci masa ido, suka zama shimfiɗar ƙafa. Cecilia ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗora hannu a ka, abin tausayi.

Sannan aka zazzage buhun hatimai. Saje ya zaro takardar ofis ta gaske ya ajiye, ya sa Julius ya buga su ɗaya bayan ɗaya da jar tawada. Tauraro. Jinjirin wata. Rago. Kurciya. Ƙararrawa. Zoben katin aure. Zangarniyar dawa ta katin godiyar kaka. Ga kuma haruffa ɗai-ɗai na jera sunan mai kati. Gumi yana ɗiga daga haɓar Julius. Saje hatimi guda yake nema, zagayayye, mai komai a cikinsa irin na takardar ofis. Ya duba ƙarƙashin tabarma, ya duba jinka, ya sa aka tona inda ƙasa ta yi laushi. Babu.

Sai ya juya ga Lado a hankali.

"Wallahi shi ne, yallaɓai!" Lado ya ce. "Ku sake dubawa!"

"Mu za ka koya wa aiki? Kama kunne!"

Aka sa magidanci mai iyali tsallen kwaɗo daga bakin tasha har rumfar mahauta, bulala tana bin bayansa. Hular ta faɗi, babu wanda ya ɗauka. Masu kallo suka yi ta yi masa ihu, har da waɗanda suka sha shayinsa da safen nan. Julius ne ma ya durƙusa gaban Saje yana roƙo a yi wa maƙwabcinsa afuwa. Tsofaffin kasuwa suka yi ta sa masa albarka, suna cewa irin wannan zuciya ta yi ƙaranci.

Kafin la'asar Lado ya ɗaure teburinsa a bayan keke, yana ɗingishi, ya kama hanyar Likoro wajen ƙaninsa. Bai yi wa kowa sallama ba.

Julius ya share rumfa, ya tsince abin da zai tsintu, ya ja ƙyaure. Cecilia ta miƙo masa farar takarda da kwalbar shuɗiyar tawada daga cikin ɗaurin zaninta. Ya fara buga zoben. Ya sa kurciyar a tsakiya, zangarniya a dama, zangarniya a hagu, sannan ya bi da'irar da haruffa ɗaya bayan ɗaya, hannunsa ko kuskure ba ya yi.

Ya hura takardar ta bushe, hatimin ofishin rabon kaya ya fito sak, gobe kuwa ranar madara ce.