Asusun Maginiya da Katin Tela

Tunda ka ce ƙungiyarku za ta kafa rumfa ranar gidauniyar gari, kuma sai da ya rage kwana tara ka zo neman dabara, gyara zama in ba ka misalin wani tela.

A wani gari aka tsayar da rana guda bayan kaka, aka ce kowace ƙungiya ta fito filin makaranta ta faɗi buƙatarta, mai niyya ya ba da abin da ya sawwaƙa. Telan nan shi ne shugaban mutanen tsallaken rafi, abin da suke nema kuwa kwalbati. Shi abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya, don duk damina goya mahaifiyarsa yake yi ya ratsa ruwa da ita zuwa asibiti, ga ta da ciwon ƙafa, ga shi shi ma gwiwa ta fara yi masa gardama. Mutum ne mai son abu ya yi kyau a ido. Ana saura mako guda ya hau keken ɗinki ya ɗinka wa rumfa labule mai geza, ya buga katin gayyata mai ruwan zinare ya aika wa manyan gari, ya yi hayar lasifika da kujeru, ya ɗauko maroƙi. Ranar kuwa manya suka turo wakilai. Kowane wakili ya tashi ya yi alkawari mai nauyi, maroƙi ya wasa shi har kakanni, aka tafa, ya sha lemo ya shige mota. Kafin azahar tela ya tara alkawari fal, amma babu ko ɗaya da zai iya kai wa mai siminti.

Yana zaune ya yi tagumi sai kunnensa ya riƙa jiyo wata ƙara daga can ƙarshen fili, fas, sai guɗa da dariya, a jima kuma fas. Shi kuwa irin mutanen nan ne da ba sa ganin riga ba su juya cikinta sun duba ɗinkin ba. Ya bar rumfarsa ya bi ƙarar. Ya tarar da wata tsohuwa maginiyar tukwane a kan tabarma, ba labule ba lasifika, sai dutsen niƙa a gabanta. Ƙungiyarsu ta mata ce, rufin ɗakin haihuwa suke nema. Ga layi har bakin katanga: mahauci, mai ƙosai, mai faci, matan aure da lulluɓinsu, kowa rungume da ɗan asusun yumɓu kamar gwanda. In layi ya zo kan mutum sai ya ɗaga ya maka a dutse, jama'a su leƙo su ga abin da zai zubo, don shi kansa mai asusun bai sani ba. Na mahauci ya fashe da warin kitse, aka yi ta tsiya. Wani dattijo nasa ya fito ba nauyi, har da maɓallin riga a ciki, kunya ta sa ya laluba aljihu ya ƙara.

Mamaki ya kama tela, ya shiga bin layi yana tambaya. Aka ce masa ai tun ruwan shuka tsohuwar ta gina asusun, ta bi gida gida da ƙafarta ta raba kyauta, ta ce a ajiye kusa da randa, duk ran da canjin cefane ya yi saura a jefa. Duk wata kuma takan biyo ta ɗauka ta girgiza a kunne, in ta ji shiru ta ce yunwa za ta kashe mata ɗa a gidan nan, in ta ji nauyi ta je ta ba maƙwabta labari. Yana cikin jinjina wannan dabara sai ya yi ido biyu da matarsa a layi, da nata asusun a ƙarƙashin mayafi. Ya tambaye ta a hankali yadda aka yi ta kawo nan, ga rumfar mijinta can ba kowa. Ta ce ita dai maginiyar ta shigo har ɗaki ta roƙe ta, shi kuwa kati ya buga, kuma ba ta ga nata ba. Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce.

Ya je ya durƙusa gaban tsohuwar. "Iya, ko akwai ragowa, ki taimaka mini da ko ashirin in raba yanzu?"

Ta dube shi da tausayi. "Ɗan nan, yumɓu sai ya kwana a jiƙe. Asusu sai ya sha rana, ya sha wuta, sannan ya yi wata biyar ana ba shi yana haɗiya. Yau ranar fasawa ce."

Kafin wata damina ɗakin haihuwa ya sha kwano. Tela kuwa ya yi ta sintiri gidajen manya har takalminsa ya cinye, kullum a ce maigida ya yi tafiya. Ran da rafi ya fara kawo ruwa ya naɗe wando, ya sunkuya, tsohuwarsa ta hau. Suna tsakiyar ruwa ta tambaye shi ko masu motocin nan har yanzu ba su aiko ba. Ya dai gyara mata zama ya ci gaba da laluben ƙasa da ƙafa.

To, ka ji. Kwana taran da ya rage maka ka kashe shi a ƙofar gidajen mutane, na baɗi kuma ka fara tun gobe, don Hausawa sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.