Saƙon Rasuwa a Ƙofar Gasa

"Haba, ni ba haka na ce ba!" na faɗa wa na'urar da ke ƙofar zauren.

Kwana goma sha biyu ke nan ɗana Mudassir yana ciki, a gasar masu haɗa manhaja ta duniya. Dokar kamfanin da ya shirya gasar ce: ba ya fita, kuma saƙon gida sai na'ura ta tace shi, wai kada hankalinsa ya tashi.

Cewa na yi babansa ya rasu, jana'iza bayan la'asar. Sai ta maimaita mini da muryata sak: "Mudassir, kowa lafiya, ka dage."

Na yi salati.

"To na ji, cire mutuwar. Ki ce masa kawai ya yi wa babansa addu'a. Baiwar Allah, ko wannan ki taimaka ki isar mini."