Shago Kusa da Injin Niƙa

"Kawu, mu yi musayar shago mana," in ji mai aski, yana ɗaga murya. "Tunda allurar nan ta kashe maka kunne, ina ruwanka da ƙarar injin niƙan maƙwabcina?"

Tsohon tela ya miƙa hannu ya amince nan take. Mai aski ya koma lungun tela yana murmushin ya ci wawa.

Ashe shirun lungun ne ke azabtar da tsohon. Da zarar wurin ya yi tsit, sai kunnensa ya kama kuka kamar gyare. Yanzu injin ya danne kukan, matan layin niƙa kuma ɗinki suke kawo masa.

Tela ya samu sauƙi da ciniki. Mai aski kuwa ya samu shirunsa, ƙuda kaɗai ke shigo masa.