Babban Yatsan Inna Luba

Sailuba na tsaye kan benci da gwangwanin shuɗin fenti a hannu, Malam Siddiq ya ce ta sauko.

"Saman ƙofar nan a bar shi fari," ya ce. "Babban allo zai hau wurin. Sai ranar buɗewa."

Ta sauko ba musu. Duk 'yan aji shida babu mai yi wa Malam Siddiq musu. Shi ne malamin da bai taɓa ɗaga bulala ba, shi ne kuma ya kawo shawarar nan da ta tayar da garin Iku a hutun 1994: yara su zane bangon ajin mata da hotuna, duk wanda ya wuce ya ji sha'awar karatu.

Ginin na mata ne. Ɗaki uku, su suka ɗebo yashinsa daga rafi a ka, rani biyu cur, don su samu inda za a koya musu baƙi da yamma. Inna Luba, mahaifiyar Sailuba, mai masa a bakin hanya, ita ce shugabarsu.

"Ranar da na iya," takan ce wa Sailuba, "wasiƙar yayanki Kabiru zan fara karantawa da kaina. Na gaji da kai sirrin gidana kunnen mutane."

Kafin a taɓa bangon sai da Malam ya tara matan a gindin mangwaro. Ya ce hukuma ba ta yarda a yi zane a gefen titi sai da izinin masu gini. Ya fito da takarda bugun tafireta, ya ninke samanta don kada iska ta ɗauke, ya karanta musu da bakinsa, a tsanake, har da fassara. Mata ashirin da uku suka dangwala. Inna ba ta saba ba, sai Sailuba ta kama babban yatsanta, ta tsoma a tawada, ta danna mata da kyau.

"Yauwa, 'yar gari," in ji Malam. "Wannan ya fito raɗau."

Mako uku yaran suka yi suna aiki. Rana ta dafa su, fenti ya ɓata musu kaya, kananzir ɗin wanke hannu ya sa fatarsu ta tsattsage. Suka jera haruffa manya-manya, suka zana jirgin sama, giwa, agogo, Dutsen Zuma da gajimare a kansa. Malam kuwa yana ciki da tef, yana auna ɗakunan, yana rubutawa a ɗan littafinsa.

Wuri mafi kyau Sailuba ta zaɓa, ta zana mace da goyo, ta buɗe littafi a gabanta. Kowa ya gani ya san Inna Luba ce, har da wushiryar. Malam ya daɗe yana kallo.

"Ya yi kyau ƙwarai. Amma ki rufe littafin, ki mayar da shi jakar hannu. Sai ki ƙara mata yaro a gefe, da safa da takalmi, tana riƙe da hannunsa."

Abin bai yi mata daɗi ba. Ta yi dai. Malam ya fi ta sanin zane.

Motocin ma'aikatan Abuja, waɗanda suka cika gidajen hayar Iku, suka fara rage gudu a wurin. Wasu har su sauko, su ja Malam gefe su yi ta Turanci, ya rubuta sunayensu. Sailuba ta ji kanta ya yi girma. Ashe har manya sun san da aikinsu!

Ana jibi buɗewa kafinta ya kawo bencina 'yan ƙanana. Baba Mairo, aminiyar Inna, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Malam, wannan ai ko rabin Luba ba zai ɗauka ba. Ko a ƙasa za mu ajiye sauran?"

Aka kwashe da dariya, har da Malam. Ya ce kafinta ne ya yi kuskuren awo, za a gyara.

Ranar Asabar da hantsi gari ya cika. Matan suka yi anko, kowace da sabon fensir a ƙulle a bakin zani. Inna ta raba masa kyauta, abin da ba ta taɓa yi ba. A gaba, kan kujerun roba, baƙin Abuja ne da 'ya'yansu, duk cikin riga iri ɗaya, ruwan ɗorawa, da safa fara. Sailuba ta dube su, ta dubi yaron da ta zana. Launin da Malam ya zaɓa mata ke nan.

Wani mai kwat ya ja ƙyallen da ya rufe allon. Matan suka rangaɗa guɗa, Inna ce kan gaba.

"To, 'yar boko," ta ce tana zungurinta, fuskarta cike da fara'a, "karanta mana sunan ajinmu!"

Sailuba ta karanta a zuci, sau biyu. Makarantar kuɗi ce ta yara, sunan Malam Siddiq a sama, an rubuta shi ne mamallaki. A jikin ƙofar kuma, cikin gilashi, ga takardar nan ta gindin mangwaro a buɗe, ba ninki: matan Iku sun ba shi ginin kyauta, har abada, da yatsu ashirin da uku, kuma wanda ya fi kowanne fitowa raɗau shi ne wanda ta danna da hannunta.