Famfon da Ke Kiran Suna

Tun da doka ta sa wa famfunan mai baki, duk wanda ya sayi mai sai famfo ya faɗa da ƙarfi wa ya ci me a kuɗin litarsa. Amma mutanen garinmu sun samo dabara. Da an zo kan sunan babban mutum, sai kowa ya danna hon, wai kunya.

Da hantsi na je gidan mai da jarka. Wata uku ke nan injin niƙan Inna yana rufe saboda tsadar dizal. A bayan layi na hango motar Alhaji Ɗanjuma Mai Tanka, da surukinsa a gaba.

"Malama Lantana, lita nawa?" in ji Tanimu mai zuba mai.

"Kwata."

Famfo ya fara: "Nisan hanya, ɗari shida. Shingaye bakwai, ɗari huɗu. Ɓoye tanka uku, dubu biyu, Alhaji..." Hon ya cika wuri.

"Ƙara kwata," na ce wa Tanimu.

"Haba Malama, sa'an mahaifinki ne fa!"

"Da ya kulle tankunansa, ya tuna da Inna? Zuba."

Wani dattijo ya ce, "'Yata, sai haƙuri."

"Baba, haƙurin nan ne ya kai lita dubu biyar."

Rana ta yi zafi, hannaye suka gaji da danna hon. A karo na tara wani ɗan acaɓa ya sauke hannunsa, na kusa da shi ma ya sauke. Sunan ya fita tsaf har bakin titi. Alhaji ya ɗage gilashi. Surukinsa kuwa ya buɗe ƙofa ya sauko, ya tsaya yana saurare.

"Tanimu," na ce, "jarkar nan lita ashirin take ci."